Tsohon Ciwo da Doguwar Korona

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa akwai cututtukan da in suka sauka a jikin mutum, ko da Allah ya yi masa sauran kwana ya miƙe, ba sa tafiya sai sun bar masa abin tunawa. Sanƙarau yakan wuce ya bar yaro da kurumta, shan inna ya bar shi da jan ƙafa, baƙon dauro ya taɓa masa ido, zazzaɓin Lassa kuwa, wanda aka fara ganewa a ƙasar Barno cikin 1969, kimanin mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tsira daga gare shi yakan fito da rauni a jinsa. Waɗannan duka illoli ne na zahiri, ido yana ganinsu, ba mai musu a kansu. Amma cutar korona, wadda ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019, ta gama duniya cikin 'yan watanni, ta iso Legas ran 27 ga Fabrairu 2020, ta zo da nata irin saura wanda ba ya nunawa a fuska, ba ya hana mutum amsa sallama ko murmushi, har makusantansa su yi zaton ya warke sarai, alhali kuwa shi kaɗai ya san abin da yake ɗauke da shi.

A watannin farko na annobar hankalin likitoci duk ya tafi ga ceton waɗanda numfashinsu ke sarƙewa, kuma abin da aka ɗauka shi ne wanda bai mutu ba zai murmure cikin mako biyu ko uku. Sai ga mutane a Italiya da Ingila da Amurka, cikinsu har da likitoci da ma'aikatan jinya, suna ta kai kuka cewa wata biyu ya shuɗe, wata uku ya shuɗe, gwaji ya nuna ƙwayar cutar ta fita, amma jiki bai komo ba. Su majinyatan ne da kansu suka raɗa wa abin sunan Long Covid, wato doguwar korona, kuma wata malamar binciken kayan tarihi 'yar Italiya mai suna Elisa Perego ce ta fara yaɗa sunan cikin Mayu 2020. Ba a daɗe ba Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi mas'alar, ta fitar da ta'arifinta cikin Oktoba 2021, ta kafa mata sharuɗɗa uku: alamun su kasance suna nan bayan wata uku da fara ciwon, su daɗe aƙalla wata biyu, kuma a rasa wata cuta dabam da za a jingina su gare ta. An ƙidaya alamu fiye da 200, amma waɗanda suka fi yawa su ne matsananciyar gajiya wadda barci ba ya maganinta, da haki, da dushewar tunani, da faɗuwar gaba, da jiri, da gushewar jin ƙamshi ko ɗanɗano. Ina roƙon mai karatu ya riƙe sharaɗin nan na uku a zuciyarsa, domin kuwa a kansa ne masu tsohon ciwo suka fi cutuwa, kamar yadda bayani zai zo.

Wani babban lissafi da aka buga cikin 2022, wanda ya tattara labarin mutum miliyan 1.2 daga ƙasashe 22, ya nuna cewa kimanin 6 cikin 100 na waɗanda korona ta kama har ta nuna alamu sun zarce da doguwarta. A Birtaniya kaɗai, ofishin ƙididdigarsu ya ce mutum miliyan 1.9 ne suke fama da ita cikin Maris 2023. Mai karatu zai iya cewa wannan ai ciwon Turai ne, tun da waɗanda aka tabbatar sun kamu a Nijeriya gaba ɗaya ba su kai 270,000 ba. To, amma fa adadin nan na waɗanda aka gwada ne kawai, kuma mun san cewa galibinmu mun sha murarmu da zazzaɓinmu a gida, da tazargade da citta da kanumfari, ba wanda ya zura mana tsinke a hanci. Da aka binciki jinin jama'a don ganin sawun da ƙwayar take bari, sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cikin Afrilu 2022 cewa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen Afirka sun riga sun haɗu da ita, ninki 97 ke nan na abin da aka rubuta. A Legas ma an bi majinyata 274 bayan an sallame su, aka tarar kusan huɗu cikin kowane goma suna da sauran ƙorafi a jikinsu.

Tambayar da ta dami masu bincike ita ce: me ya sa mutum biyu za su kamu a gida ɗaya, cikin mako ɗaya, wannan ya tashi ya kama harkokinsa, wancan kuwa ya shekara yana jan jiki? Amsa mafi gamsarwa da aka samu ta fito ne daga wasu likitoci na Jami'ar East Anglia a Ingila, waɗanda cikin 2023 suka haɗa bincike 41 da aka yi a wurare dabam-dabam, masu ɗauke da labarin mutum fiye da 860,000, suka auna su a ma'auni ɗaya. Suka tarar cewa, bayan kasancewar mutum mace, da haura shekara arba'in, da ƙiba, da shan taba, abin da ya fi yawan bayyana a tarihin masu doguwar korona shi ne wani ciwo da suke tare da shi tun kafin annobar ta zo. Wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, haɗarinsa ya ɗara na sauran jama'a da kamar rabi. Mai daɗaɗɗen ciwon toshewar huhu, da fiye da sulusi. Mai ciwon jijiyoyin zuciya da mai asma, da kamar rubu'i. Mai ciwon damuwa ko fargaba, da kamar humusi. Mai ciwon sukari kuwa da ɗan kaɗan. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma lissafin nan ya gaskata su a mafi yawan lokuta, ko da yake an ga samari majiya ƙarfi, 'yan wasa da sojoji, waɗanda ba a san su da ko ciwon kai ba, doguwar korona ta kayar da su.

Wajibi ne a nan mu yi wa waɗannan alƙaluma adalci, kada su zama abin firgita marasa lafiya. In aka ce haɗarin mai asma ya ƙaru da rubu'i, ma'anar ita ce inda mutum 6 cikin 100 za su zarce da ciwon, a cikin masu asma sai a sami 7 ko 8. Sauran 92 za su warke kamar kowa. Malaman Usulu sun bambanta tsakanin sababi, wanda samuwarsa ke wajabta samuwar abu, da alama wadda take ƙarfafa zato kawai ba ta kai ga yaƙini ba, kuma tsohon ciwo a wannan babi yana cikin kashi na biyu. Fa'idar saninsa ita ce mutum ya san inda zai tsananta tsaro, likita kuma ya san wanda zai fi sa wa ido.

Ta hanya biyu tsohon ciwo yake buɗe wa doguwar korona ƙofa. Ta farko a sarari take: yana tsananta ciwon tun daga farko, tsananin ciwon kuwa shi ne mafi girman abin da ke jawo daɗewarsa, domin a lissafin nan na East Anglia wanda aka kwantar a asibiti haɗarinsa ya ninka na wanda ya yi jinya a gida fiye da sau biyu. Mutanen Kano ba sa bukatar a tuna musu da watan Afrilu na 2020, lokacin da masu haƙar kabari suka gaji, ana ta rasa dattawa da malamai da manyan gari a jere. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce cikin mutuwa 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 mai yiwuwa suna da alaƙa da korona, kuma mafi yawansu tsofaffi ne masu wani ciwo a ƙasa. An ƙidaya waɗanda suka rasu, Allah ya ji ƙansu. Amma 'yan'uwansu masu irin ciwonsu, masu hawan jini da sukari, waɗanda suka sha wuya suka tsallake, ba wanda ya bi su gida ya tambayi yadda suka ƙare. Mutumin da ya yi mako biyu ko uku a ɗakin gobe-da-nisa da robar iska a hanci, huhunsa ya yi tabo, naman jikinsa ya zube, ƙodarsa ta wahala, ba abin mamaki ba ne in ya shekara bai koma yadda yake ba.

Hanya ta biyu ta fi ɓuya, kuma asma ce ta fi bayyana ta. Da annobar ta fara an ji wa masu asma tsoro ƙwarai, sai ga shi ba su mutu da yawa kamar yadda aka zata ba. Amma da masu bincike na King's College da ke Landan suka bi mutum 4,182 waɗanda suke rubuta halin jikinsu kullum a wayar hannu, sai suka ga asma ce kaɗai tsohon ciwon da ya fito fili a cikin waɗanda jinyarsu ta daɗe, tare da waɗanda suka sami alamu fiye da biyar a makon farko. Hanyoyin iskar mai asma dama a shirye suke su kumbura su tsuke da ɗan abu kaɗan, kuma in ƙwayar cuta ta tayar musu da hankali sukan daɗe ba su lafa ba. Wannan magana ta shafe mu fiye da yadda muke zato. Ciwon toshewar huhu a Turai galibi na mashaya taba ne, amma a wurinmu na uwar gida ne wadda ta yi shekara talatin tana hura wutar itace ko kara a madafa marar taga, da mai tuyar ƙosai, da mai gashin tsire, da wanda ya warke daga tarin fuka huhunsa ya rage da tabo, sa'an nan kowace shekara hunturu ya zo da hazonsa ya ƙara musu. Da yawa cikinsu ba a taɓa gaya musu sunan ciwonsu ba. Abin da suka sani kawai shi ne suna da tari, kuma in sanyi ya shigo ƙirjinsu yana kuka.

Sha'anin sukari da ƙiba da ciwon zuciya kuwa a jijiyoyin jini yake. Ƙwayar korona tana shiga jiki ne ta wata kafa da masana suke kira ACE2, wadda ba a huhu kaɗai take ba, akwai ta a zuciya da ƙoda da hanji da shimfiɗar da ke cikin jijiyoyin jini. Ita wannan shimfiɗa, sukari mai yawa da hawan jini suna cinta a hankali shekara da shekaru, kitsen ciki kuma yana zuba wa jini sinadaran kumburi dare da rana, har jiki ya zama kullum cikin ɗan ƙaramin yaƙi yake da kansa. In korona ta zo ta tarar da haka, sai yaƙin ya rura, ya ƙi mutuwa bayan abokin gaba ya tafi. Wasu masana a birnin Seattle na Amurka sun bi majinyata kimanin 300 tun daga ranar da aka gane ciwonsu, suka buga cikin 2022 cewa abubuwa huɗu ne suke nuna wanda jinyarsa za ta yi tsawo: ciwon sukari irin na manya, da samun ɓurɓushin ƙwayar a cikin jini, da farkawar wata tsohuwar ƙwaya mai suna Epstein-Barr wadda take kwance a jikin mafi yawan mutane tun ƙuruciya, da kuma wasu dakarun garkuwar jiki da suke juyowa su afka wa jikin da ya haife su. A Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu kuma, Farfesa Resia Pretorius, wadda ta daɗe tana nazarin jinin masu sukari, ta ba da rahoton ganin wasu 'yan ƙananan gudaji masu wuyar narkewa a jinin masu doguwar korona, ta ce mai yiwuwa su ne suke hana iska isa ga tsoka da ƙwaƙwalwa. Malaman likitanci suna da saɓani a kan wannan ra'ayi har yanzu, saboda haka kada kowa ya sha maganin tsinka jini da kansa a kan dogaro da shi, domin zubar jinin da zai iya jawowa ta fi abin da ake gudu.

Masu raunin garkuwa su ne waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, da masu karɓar maganin ciwon daji, da masu ƙanjamau waɗanda ba sa kan magani sosai, da masu shan magungunan danne kumburi na tsawon lokaci. Jikinsu yakan daɗe bai kori ƙwayar ba, har a same ta bayan watanni. Ba zan wuce nan ba sai na ambaci ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda 'yan mata suke saye a kasuwa don su yi jiki: da yawansu irin waɗannan magunguna ne masu danne garkuwa, masu tayar da sukari da hawan jini, kuma mai shansu tana sayen rauni ne da kuɗinta. Haka nan an sami ƙarin haɗari ga masu minsharin da numfashi ke ɗaukewa cikin barci, abin da mu a gida ba mu ɗauke shi ciwo ba.

Akwai kuma mas'alar damuwa, wadda take bukatar a taka ta a sannu. Masu bincike na Jami'ar Harvard sun tambayi dubban mutane, galibinsu mata ma'aikatan jinya, halin da zukatansu suke ciki tun kafin su kamu, suka bi su, suka buga cikin 2022 cewa waɗanda suke cikin baƙin ciki ko fargaba ko kaɗaici sun fi sauran zarcewa da ciwon da kashi 32 zuwa 46 cikin 100. Wanda bai yi zurfin tunani ba zai ce ashe dama ciwon a rai yake, ba a jiki ba. Su kuwa masu binciken sun yi gargaɗi a kan wannan fassara, domin daɗewa cikin damuwa yana taɓa garkuwar jiki da kumburi kamar yadda sukari yake taɓawa, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka sami doguwar korona a binciken nasu ba su da wata damuwa kafin nan. Na tsaya a kan wannan ne saboda mata. Korona ta fi kashe maza, amma ta fi daɗewa a jikin mata, musamman masu matsakaicin shekaru, da kamar rabi a kan maza. Garkuwar jikin mace ta fi ta namiji kaifi, wannan ya sa take tsira, wannan kuma ya sa cututtukan da garkuwa ke juyowa kan mai ita suka fi yawa a cikinsu. Macen da ta ce ta gaji alhali ba a ga rauni a jikinta ba, mun san irin amsar da take samu: a ce raki ne, a ce son jiki ne, a ce tun da aka yi mata kishiya take haka, in abin ya yi tsawo a ce iska ce ko sammu. Wannan zalunci ne, ko da masu yinsa ba su nufa ba.

Yanzu mu koma ga sharaɗin nan na uku, cewa sai an rasa wata cuta da za a jingina alamun gare ta. Mai tsohon ciwo kullum yana da abin da za a jingina wa. Ka ɗauki magidanci mai shekara hamsin da 'yan kai, mai sukari, wanda ya yi wata mura mai zafi har abinci ya daina yi masa ɗanɗano, ya tashi, amma tun daga nan in ya taka daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya a hanya ya dafa bango, in ya miƙe daga sujada sai ya ga duhu, zuciyarsa ta dinga dukan uku-uku, surar da ya haddace tun yana makarantar allo ta tsaya masa a tsaka, lissafin shago da yake yi da ka ya gagare shi. Ya je kemis, a ce maleriya da taifot ne, a yi masa allurai, a ƙara masa ruwa leda biyu. Bayan wata ɗaya a maimaita. Ya je asibiti, a soki yatsarsa, a ɗaura masa awon jini a dantse, a ce sukarinka ne ya hau, a ƙara masa ƙwaya. Ya dawo gida, a ce shawara ce ko basir, a jiƙa masa saiwa. Kowa ya faɗi abin da ya sani, kuma ba wanda ya tambaye shi yaushe abin ya fara, da abin da ya same shi gab da farawarsa. Ta haka tsohon ciwo yake cutar mai shi sau biyu, ya jawo masa sabon ciwo, sa'an nan ya tsaya a gabansa ya kare shi daga idon likita. Mafi muni kuma, da yawanmu ba mu san muna da tsohon ciwon ba ma, domin kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba, fiye da rabin masu sukari a Afirka kuma ba a taɓa gwada su ba.

Hanyar kuma ba ɗaya take bi ba, tana komowa: ita ma korona takan haifar da irin waɗannan cututtuka. Dakta Ziyad Al-Aly da abokan aikinsa a birnin St. Louis sun duba takardun asibiti na tsofaffin sojojin Amurka fiye da 150,000 da suka yi korona, suka gwama su da miliyoyin da ba su yi ba, suka tarar cewa cikin shekarar da ta biyo baya bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da daskarewar jini sun fi yawa a cikinsu, sabon ciwon sukari kuma ya ƙaru da kimanin kashi 40 cikin 100. Gaskiya ne mafi yawan mutanen nan maza ne tsofaffi, ba za a ɗauki adadinsu a ɗora wa kowa ba. Amma darasin a fili yake, cewa wanda ya yi korona mai tsanani ya kamata a auna jininsa da sukarinsa bayan ya warke, ko da can lafiyarsa ƙalau.

Abin da ke rage haɗarin sananne ne, ko da yake an yi ta gardama a kansa a majalisu da tashoshin mota. Waɗanda suka yi allurar rigakafi biyu kafin su kamu, haɗarinsu ya ragu da kimanin kashi 40 cikin 100 a lissafin East Anglia. Mutanen St. Louis kuma sun nuna cikin 2024 cewa a farkon annobar kimanin 10 cikin 100 na waɗanda suka kamu ne suke zarcewa, a zamanin nau'in ƙwayar da ake kira Omicron ya sauko zuwa kusan 8 ga marasa rigakafi, ga masu rigakafi kuwa 3 da rabi. Sun kuma nuna cewa kowane sabon kamu yana ƙara nasa nauyi a kan na baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin da ta sa a kan korona ran 5 ga Mayu 2023, amma ƙwayar ba ta bar duniya ba, tana nan tana zagayawa cikin murar da muke yi. Saboda haka mai asma ko mai sukari da ya nisanci ɗakin da ake tari, ko ya rufe hancinsa a cikin cunkoson mota ko na aikin Hajji, bai yi abin dariya ba, kuma bai saɓa wa tawakkali ba. Sayyidina Umar ma ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba ta sauka can, ya kafa hujja da cewa kauce mata shi ma yana cikin ƙaddarar Allah. Wani abin sha'awa kuma shi ne gwajin da Jami'ar Minnesota ta jagoranta, aka buga cikin 2023, inda aka ba masu ƙiba metformin, tsohon maganin sukarin nan mai araha, na mako biyu tun farkon kamuwarsu: 6 cikin 100 suka sami doguwar korona, a cikin waɗanda ba a ba su ba kuwa 10. Kariya ce a farkon ciwo, ba a nuna yana warkar da wanda ya riga ya zarce ba, kuma mai ciwon ƙoda ba ya shansa sai da izinin likita.

Ga wanda abin ya riga ya sama, akwai wata alama da ya wajaba shi da iyalinsa su gane. Yakan wayi gari da ɗan ƙarfi, ya yi murna, ya tafi kasuwa ko ɗaurin aure ko gona, ko mace ta yi wanki da daka a rana ɗaya. A ranar ba ya jin komai, sai kashegari ko jibi jiki ya rushe, ya kwanta kwana uku ko mako. Irin wannan majinyaci, shawarar nan da muka saba ba mai jinya, cewa ya daure ya motsa jiki, tana ƙara masa ciwo ne. Abin da likitocin da suka ƙware a kansa suke koyarwa shi ne ya san iyakar ƙarfinsa na yini, ya tsaya kafin ya kai ta, ya rarraba aiki kashi-kashi, ya yi abin da zai yiwu a zaune, ya huta tun bai gaji ba. Shari'a ma ta yi wa marar lafiya rangwame, ta yarje masa salla a zaune da ajiye azumi, ba ta kuma sa sharaɗin sai jama'a sun ga ciwon da idonsu ba. Bai kamata miji ko uwar miji ko maigidan aiki su fi Shari'a tsanani ba.

In za a je wurin likita, a tafi da tarihin a tsare: watan da aka yi murar ko zazzaɓin, ko ƙamshi da ɗanɗano sun gushe a lokacin, abin da mutum yake iya yi kafin nan wanda yanzu ya gagare shi, da dukan magungunan da yake sha, na asibiti da na gargajiya, a cikin ledarsu. Haƙƙin majinyaci ne a binciki ƙarancin jini da ƙoda da zuciya da tarin fuka da maƙoƙo, domin kowannensu yana iya kawo irin wannan gajiya kuma yana da magani. Haƙƙinsa ne kuma, in an gyara sukarin da hawan jinin amma bai ji sauƙi ba, kada a sallame shi da cewa ba a ga komai ba. Kada ya bar maganin tsohon ciwonsa ko da rana ɗaya, kuma ciwon ƙirji mai tsanani, ko kumburin ƙafa ɗaya, ko karkacewar baki, ko haki yana zaune, ba a kwana da su a gida. Lissafin nan na ƙasashe 22 ya nuna cewa wanda ya yi jinyar koronarsa a gida, doguwarta takan ɗauke shi kimanin wata huɗu, wanda aka kwantar kuwa kimanin wata tara, kuma 15 cikin 100 na masu ita suna nan da alamunsu bayan shekara ta zagayo. Waɗannan na ƙarshe su ne suka fi bukatar a riƙa ganinsu a asibiti a kai a kai, a kuma sami likita ɗaya da ya san tarihinsu tun daga tsohon ciwon har zuwa sabon.